Katin QSL na Gida Ba Abin Kunya Ba Ne, Amma a Auna Shi da Rula

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu rediyon sha'awa, wato masu ƙananan tashoshin kansu da suke hira da juna ta iska, kuma tana ɓata mini rai. Wai duk wanda bai kai katinsa na QSL, wato katin shaidar hira ta rediyo, maɗaba'a an buga masa mai ƙyalli da hoto ba, gara ya haƙura da aika kati. Wai katin da aka yanka da reza a gida raini ne ga wanda aka aika wa.

Ɓarnar da wannan magana take yi ba ƙarama ba ce. Sabon shiga zai yi hira da wata tasha a Japan ko Brazil, ya rubuta a kundinsa na hirarraki, sannan ya ce sai ya tara kuɗin buga kati dubu. Shekara ta zagayo, wata ta biyo. Can kuwa mutum yana ta duba akwatin wasiƙarsa, domin wataƙila wannan ce hirarsa ta farko da ƙasar sabon shigan.

Ra'ayina a nan a bayyane yake. Katin da mutum ya yi da hannunsa cikakken kati ne, darajarsa ɗaya da na maɗaba'a, kuma ga mafi yawan masu ƙananan tashoshi shi ya fi dacewa. Sharaɗi ɗaya ne: mai yin sa ya kiyaye girma, nauyi, tawada da bayanan da ke kai. A nan ne masu yin katin gida suke zubar da kansu, kuma zan faɗa musu gaskiya su ma.

Ga wanda bai san harkar ba, QSL ɗaya ce daga gajerun kalmomin da masu aika saƙo ta rediyo suka gada tun zamanin Morse, wato saƙon ɗigo da layi, ma'anarta "na tabbatar saƙonka ya iso". Idan tashoshi biyu suka ji juna a iska, kowa yakan aika wa ɗan'uwansa kati a matsayin shaida. An fi shekara ɗari ana wannan musaya. Tsofaffin masu sauraron gajeren zango a ƙasar Hausa sun san irinsa, domin manyan gidajen rediyon ƙetare sun daɗe suna aika kati ga mai sauraron da ya rubuto musu yadda yake kama su.

"Ai ba shi da kyau"

Wannan ce sukar farko, kuma ita ce mafi rauni. Katin QSL takardar shaida ce kafin ya zama abin ado. Idan alƙali ya nemi takardar cinikin gona, sunayen shaidu da kwanan wata da sa hannu yake dubawa. Ruwansa da launin takardar kaɗan ne.

Haka abin yake a nan. Lambar yabo ta DXCC, wadda ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ta fara bayarwa a 1937, tana bukatar mutum ya tabbatar da hira da ƙasashe ko yankuna 100 daga cikin 340 da ke jerinta a yanzu. Mai duba katunan yana neman lambar kiran tashoshin biyu (haruffa da lambobin da ake sanin kowace tasha da su a iska), kwanan wata, lokaci, zango da irin siginar da aka yi amfani da shi. Ba ya tambayar wace maɗaba'a ta buga. Kati mai hoton zinare da aka rubuta masa lokacin da ba daidai ba, ko aka goge wani harafi aka gyara, zai dawo wa mai shi. Farin kwali da aka cika daidai zai wuce.

Kuma a tuna inda muke. Lambobin kiran da suka fara da 5N na Najeriya, 5U na Nijar, TT na Chadi da TJ na Kamaru ba kullum ake jin su a iska ba. Mutumin Jamus yana da katunan maƙwabtansa cike da kwali, amma na 5U yana iya shekaru bai samu ba. Wanda ke wannan hali ba zai raina kati don an yanka shi da reza ba. Da babu gara ba daɗi, balle ma abin da daɗinsa.

"Intanet ta riga ta kashe kati"

Wannan sukar tana da ƙarfi, ba zan yi mata rowar gaskiya ba. Tun 2003 ARRL ta buɗe tsarin LoTW a intanet, inda kowa ke ɗora kundinsa, idan bayanan biyu suka dace an tabbatar da hirar ke nan, babu kan sarki, babu jira. Akwai kuma wasu shafukan irinsa, eQSL da Club Log. Tun da FT8, salon siginar da kwamfutoci ke musaya ta rediyo, ya fito a 2017, mutum yana iya yin hira ɗari a yini guda ta kwamfuta, kuma ba mai hankalin da zai ce a rubuta wa kowace kati.

Ina goyon bayan kowa ya ɗora kundinsa. Amma abu biyu.

Na farko, ba kowane tsari ake karɓa a ko'ina ba. Shaidar eQSL, alal misali, ba ta shiga lissafin DXCC. Kati na takarda kuwa kusan kowace ƙungiya mai ba da lambar yabo ta san shi.

Na biyu, a watan Mayun 2024 masu kutse sun kai wa kwamfutocin ARRL hari, LoTW ya tsaya makonni, sai farkon Yuli ya dawo. Katin da ke cikin akwati a ɗaki ba ya jiran wuta ko data, kuma jika yana iya ɗauka ya karanta bayan shekara hamsin. Masu harkar suna cewa kati shi ne ladabin ƙarshe na hira. Hirar da aka yi da murya, aka faɗi suna da gari da yanayin sama, ta cancanci wannan ladabi.

Wanda ya rage yawan katunan da yake aikawa saboda intanet ma hujja ya ƙara mini. Idan kati sittin ko tamanin kawai kake bukata a shekara, buga dubu ba dabara ba ce. Kafin ka cinye su ka tashi daga gidan, ka sauya rediyo da eriya, wataƙila lambar kiranka ma ta sauya. Sai ka koma kana soke rubutu da alƙalami a kan kati mai tsada.

"Kowa zai iya ƙirƙiro na jabu"

Firintar da za ta kwaikwayi katin gida za ta kwaikwayi na maɗaba'a. Abin da ke kare shaida shi ne kundi. Duk katin da ya iso, mai tasha yana duba kundinsa, idan hirar ba ta ciki ba ya mayar da amsa, ko ya mayar da katin da bayanin cewa ba a same ta ba. Rubutun hannu da sa hannu ma sun fi wahalar kwaikwaya. Idan kana manna ƙaramar takardar bayanai da aka buga daga kwamfuta, ka sa hannu ko ka buga hatimi ta yadda rabi zai hau takardar, rabi ya hau katin. Ba mai iya ɓare ta ya sauya ba tare da an gane ba.

Inda masu katin gida suke kuskure

Yanzu ga tawa sukar, kuma ita ce ainihin dalilin da ya sa wasu suke tsanar katin gida.

Girman da aka amince da shi a duniya, wanda IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, take ba da shawara a kai, shi ne milimita 140 a tsawo, 90 a faɗi. Ba don ƙawa aka tsayar da shi ba. Yawancin katuna suna bi ta ofisoshin tattara kati na ƙungiyoyin ƙasashe, waɗanda ake kira buro. A can 'yan sa-kai ne suke rarraba dubban katuna da hannu, su ɗaure su dami-dami. Katin da ya fi sauran girma shi ne bakinsa yake lanƙwashewa ya yage. Wanda ya yi ƙanƙanta yakan maƙale a bayan wani, ya tafi wata ƙasa daban. Mai yanka katinsa yadda ya ga dama yana ɗora wa mutanen da ba a biyan su ko sisi aikin da bai kamata ba.

Sai nauyi. Kati mai wannan girma, idan kwalin mai giram 200 ne a murabba'in mita, nauyinsa giram biyu da rabi ne. Mai 250 ya ɗan haura giram 3. Mai 350, irin na katin gayyatar biki, ya kai kusan giram huɗu da rabi. Bambancin kamar ba komai, amma a kati dubu ya haura kilo guda, kuma da kilo ake biyan kuɗin aika damin. A tsaya tsakanin 200 da 250. Takardar rubutu ta yau da kullum mai giram 80 kuwa ba kati ba ce, a murɗe za ta isa.

Kar a rufe kati da leda. Yana ƙara nauyi, alƙalami da hatimi ba sa kama shi, kuma gefen yakan buɗe ya tara danshi. Haka kar a manna masa ƙyalƙyali, busasshen fure, yadi ko wani abu mai tudu. Duk irin wannan abu da aka manna da gam zai iya ɓallewa ya manne a katin wani.

Yadda ake fitar da shi

Takardar A4 milimita 297 ce da 210. Idan aka kwantar da ita, kati huɗu ne suke shiga, biyu a sama biyu a ƙasa. Sun cinye 280 da 180, saura milimita takwas da rabi a hagu da dama, goma sha biyar a sama da ƙasa. Wurin ya matse, don haka kar a tsara hoton da zai kai har bakin kati. A bar farin gefe, a ja duk rubutu ya yi nisan aƙalla milimita 5 daga baki. Ko reza ta ɗan kauce ba za a gani ba.

Idan da hoto, a shirya shi da ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken kati a wannan ma'auni ɗigo 1654 ne da 1063. Hoton da aka turo ta WhatsApp sau da yawa an riga an matse shi, yana kyau a fuskar waya, a takarda sai ya fito dishi-dishi.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne lokacin bugawa. Kwamfuta takan rage girman aikin da kanta don ya dace da shafi. A tabbatar an saita ta a kan kashi 100. A fara bugawa a takarda mara tsada, a ɗora rula, a ga 140 da 90 da ido kafin a saka kwali. A duba kuma iyakar kaurin da firintar take ɗauka. Idan tana da ƙofar baya inda takarda ke wucewa a miƙe, ta nan ake saka kwali, ɗaya bayan ɗaya. Ta aljihun ƙasa yana nannaɗewa ya maƙale.

Tawada ita ce wurin da nake so a fi daɗewa. Ƙananan firintocin gida masu tawadar ruwa iri biyu ne. Akwai masu tawadar rini, wadda ɗigon ruwa ɗaya yake narkar da ita, rana kuma take kashe launinta. Akwai masu tawadar gari da aka dama, wadda ta fi jure ruwa da haske. Katin da zai kwana a buhun wasiƙu da damina, ya yi wata da watanni a hanya, bai kamata a buga shi da ta rini ba. Firintar lesa, irin ta shagunan kwamfuta, ba ta tsoron ruwa. Matsalarta ita ce idan ba a gaya mata kwali mai kauri aka saka ba, zafin ba ya isa, sai rubutun ya riƙa gogewa a yatsa.

Gwajin mai sauƙi ne. A buga ɗaya, a bar shi ya kwana, a ɗiga masa ruwa a kan lambar kira, a murza da babban yatsa. A ajiye wani a taga inda rana ke bugawa har mako guda, a kwatanta shi da wanda ke cikin aljihun tebur. Idan ya faɗi gwajin farko, a sauya tawada ko a tafi shago.

Gefen da za a yi rubutu ya zama mara sheƙi. Tawadar alƙalami da ta hatimi ba sa bushewa a takarda mai sheƙi, suna shafewa a katin da ke sama.

Wurin yanka, rula ta ƙarfe da sabuwar reza a kan katako ko kwali mai kauri. Rular roba reza tana cin ta. Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi. A ja reza sau biyu ko uku a hankali, ya fi a danna da ƙarfi sau ɗaya. Wanda ke kusa da masu ɗinkin littattafai ya kai musu damin su datse masa da injin yanka, minti biyu an gama.

Wanda ba shi da firinta ma bai rasa hanya ba. Masu sassaƙa hatimi suna nan a kowane gari. A yi hatimi biyu, ɗaya mai lambar kira da gari da manyan haruffa, ɗaya mai layukan da za a cike. Da su da farin kwali an gama, kuma za su yi shekaru suna aiki.

Abin da za a rubuta

Lambar kiranka da manyan haruffa. Lambar kiran wanda ka yi hira da shi. Kwanan wata, lokaci, zango ko adadin megahaz, irin sigina, rahoton ƙarfin sigina, da kalmar da ke nuna hirar ta ɓangare biyu ce. Sai garinka da ƙasarka da sa hannu. Duk waɗannan su taru a fuska ɗaya, don kar mai dubawa ya yi ta juya kati.

Lokaci na UTC ne, wato lokacin duniya na bai ɗaya, ba na agogon bango ba. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, Ghana kuwa daidai take da shi. Hirar da aka yi a Zariya da ƙarfe 12:30 na dare, an riga an shiga 5 ga wata, a kati 23:30 ce ta ranar 4 ga wata. Mutane da yawa suna cire awar su manta da ranar, sai a nemi hirar a kundi a rasa. A ajiye agogo guda a kan teburin rediyo wanda aka saita shi a UTC, kar a taɓa shi.

Kar a rubuta wata da lamba zalla. 03/04 a wurin Bature ɗan Ingila 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke 4 ga Maris. A rubuta watan da haruffa uku irin na duniya, ko da lambar Romawa.

Sifili a ja masa layi a tsakiya don kar ya zama harafin O. A bambanta 1 da I, U da V, 5 da S, 2 da Z. Lambar kira guda da ba ta karantu ba ta isa ta kashe kati. Idan aka yi kuskure wurin cikawa, a yaga a ɗauki sabo. Wannan ma wata fa'ida ce ta katin gida, yaga shi ba ya ciwo.

Rahoton sigina ya dace da irin hirar. Ta murya lamba biyu ce, kamar 59 ko 57. Ta Morse uku, kamar 599. Ta FT8 kuwa adadi ne irin -12. A rubuta abin da aka bayar a iska, ba abin da zai faranta wa mutum rai ba.

Yana da kyau a ƙara lambar murabba'in taswira, wato gajeriyar lambar da ke nuna inda tasha take a taswirar duniya, da lambar yankin da ƙasar take cikin yankunan rediyo da aka kasa duniya. Kaduna tana JK30, Damagaram tana JK43. Najeriya, Nijar da Ghana suna yanki na 35 a lissafin CQ, na 46 a lissafin ITU. Masu neman lambobin yabo na yankuna suna jin daɗin ganin su a rubuce. A ƙasa a bar wurin zaɓi tsakanin PSE QSL, wato ina roƙon naka, da TNX QSL, wato na gode naka ya iso. A rufe da 73, gaisuwar masu harkar.

Ɗaya fuskar kuma taka ce, kuma a nan katin gida ya fi na maɗaba'a armashi. Hoton marinar Ƙofar Mata da ka ɗauka da kanka, zanen hasumiyar Gobarau, masallacin Agadez, dagin Arewa da aka buga da hatimi, ko gaisuwa da ajami. Mai karɓa ya gaji da hoton rediyo a kan tebur. Amma bayanan hira su kasance da boko da lambobin da kowa ya sani. Hoton da wani ya ɗauka kuma a nemi izininsa.

Lokacin da ya kamata a tafi maɗaba'a

Akwai shi. Wanda yake shiga gasa yana yin hira dubu biyu a ƙarshen mako, ko wanda lambar kiransa ta yi farin jini har wasiƙu suka fi ƙarfinsa, firintar gida za ta cinye masa kuɗin tawada da lokaci. Idan bukata ta kai ɗaruruwa a shekara, kuɗin kowane kati a maɗaba'a ya fi sauƙi. Irin wannan ya buga da yawa, ko ya nemi wakilin da zai riƙa amsa katuna a madadinsa, ya riƙa tura masa kundi. Ko shi ɗin, kafin aikin maɗaba'a ya fito, ya sallami waɗanda ke jira da na gida.

Aikawa

Buro ya fi araha amma yana da jinkiri, shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Ba kowace ƙasa ke da buro mai aiki ba, don haka a duba yadda mutumin ya ce a aiko masa kafin a saka kati a dami. A jera katunan bisa haruffan farko na ƙasashe. Idan ta hannun wakili za a bi, a rubuta lambar kiran wakilin a sarari kusa da ta mai karɓa.

Aikawa kai tsaye kuwa, ambulan mai milimita 114 da 162 yana ɗaukar kati ba tare da naɗi ba. Wanda ke neman amsa yakan haɗa da ambulan mai adireshinsa da kuɗin kan sarki. Takardar amsa ta gidajen waya na duniya da aka saba sakawa, wadda ake musanyawa da kan sarki, ta yi wuyar samu, gidan wayar Amurka ma ya daina sayar da ita tun 2013, shi ya sa mutane suka koma saka dala ko biya ta intanet.

Kar a rubuta lambar kira ko kalmar rediyo a bayan ambulan, domin a wurare da dama an gane irin waɗannan wasiƙu suna ɗauke da kuɗi. Idan an naɗe ambulan amsa, a sa naɗin ya kalli ƙasa, don kar wuƙar buɗe wasiƙa ta raba shi biyu. Ranar da kati ya fita kuma a rubuta a kundi, a gefen hirar, tare da hanyar da ya bi.